Bekin soda da tayil: inda take aiki da inda take ɓata miki lokaci

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 3 ke nan da muka tare a gidanmu a Rijiyar Zaki. Tayil ɗin kicin ya yi maiƙo, layukan da ke tsakaninsa sun yi baƙi ƙirin, na banɗaki kuma ya yi wani fari-fari kamar an shafa masa alli. Aka ce in haɗa bekin soda da khal. Na haɗa, ya yi kumfa sosai, na goge, amma da ya bushe sai abin ya ƙara dusashewa. Ina kuskuren yake?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuskuren ba a hannunki yake ba, a shawarar da aka ba ki yake. Datti iri uku kika lissafa, kowanne da halinsa, aka ba ki magani ɗaya, shi ma maganin ya mutu a cikin kwano tun kafin ya taɓa tayil. Na karanta kimiyyar haɗa sinadarai, kuma na daɗe ina aikin wanke gidaje a garin nan na Kano, sababbi bayan magina sun tashi da tsofaffi idan biki ya matso, don haka wannan haɗin na bekin soda da khal na sha tarar da sawunsa a bango.

Bahaushe ya riga ya yi bayanin abin tun kafin a kawo mana tayil: kanwa ta kar tsami. Idan yakuwa ta yi yawa a miya, ko zoɓo ya cika tsami, me ake jefawa? Kanwa. To bekin soda 'yar gidan kanwa ce. Sunanta a wajen masana sodiyam bayikabonet, kuma kanwar da ake kawowa daga ƙasar Manga da yankin tafkin Chadi tana ɗauke da wannan sinadarin tare da yayansa sodiyam kabonet, sai dai ita kanwa ta zo da ƙasa da yashi, ita kuwa bekin soda tatacciya ce daga masana'anta. Khal kuma tsami ne. Da kika haɗa su, kowanne ya kashe ɗan uwansa. Kumfar nan da ta burge ki iska ce kawai, irin wadda ke tashi idan an buɗe lemon kwalba. Abin da ya rage a kwanon ruwa ne da wani gishiri-gishiri da ragowar hodar da ba ta narke ba. Shi kika shafa, ya bushe, ya zama wannan dusu-dusun. Kumfar tana sa mutum ya ji kamar ana aiki, shi ya sa shawarar ta ƙi mutuwa. Kuma kada a kuskura a haɗa su a gora a rufe, iskar tana iya fasa gorar.

Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai kyau yana kan 7. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, abin da ya haura kuma ɓangaren kanwa. Lemun tsami yana wajen 2, khal tsakanin 2 da 3. Bekin soda ba ta wuce 8 da ɗoriya ba, wato da kaɗan ta fi ruwa. Riƙe wannan, domin shi ne sirrin amfaninta, shi ne kuma iyakarta. Ba ta cin hannu, ba ta cin siminti, ba ta tayar da warin da zai shaƙe mutum a banɗaki. Amma kuma ba ta da ƙarfin narkar da komai da kanta. Rabin aikinta ma ba na sinadari ba ne, na gurza ne. Ƙwayoyinta suna kankare datti kamar yadda iyayenmu ke dirje tukunya da toka, sai dai taushinsu ya sa ba sa karce tayil. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya fitar a 1812, bekin soda tana wajen 2.5, daidai da farcen mutum. Fuskar tayil mai sheƙi kuwa gilashi ce da aka gasa a wuta mai zafin sama da digiri 1000, taurinta ya haura 5. Yashi yana kan 7. Ki ga wanda ya kamata a ji tsoro a nan: yashi, ba soda ba. Shi ya sa duk da na ce gidansu ɗaya da kanwa, ba zan ce ki daka kanwa ki dirje tayil da ita ba.

Kafin mu shiga kicin, bari in tsaya a kan sayen kayan, domin nan ne wurin da na fi jin tsoro. A kasuwannin Kano kalmar "soda" ba abu ɗaya take nufi ba. Idan kika aiki yaro Sabon Gari ko wajen masu kayan haɗa sabulu ya ce a ba shi soda, abin da za a ƙulla masa a leda ita ce sodar sabulu, wadda ake kira kostik. Wannan tana can ƙarshen ma'auni, 13 zuwa 14, tana cin fata, tana makantar da ido. Na taɓa zuwa aiki wani gida na tarar da yarinyar da ke taya uwar gida aiki hannayenta duk sun saɓule. An ce a sayo soda a wanke kicin, aka kawo ta sabulu, ta zuba a roba ta sa hannu tana damawa. Ta ce ta ji ruwan ya ɗau zafi da kansa, hannun ya yi santsi kamar ta shafa kuɓewa, ta ɗauka alamar ƙarfin magani ce. Wannan santsin fatarta ce ke narkewa. Tun ranar ba na yarda a aiki kowa sayen "soda" da baki. Ki ce bekin soda ta kek, a saya a wajen masu kayan kek da burodi, ko a kasuwar Singa, ko a manyan kantuna, a cikin kwali ko roba mai rubutu. Sodar sabulu tana zuwa ɓarzajje-ɓarzajje kamar ɓawon kifi, ko ƙwaya-ƙwaya kamar sukari mai gwaɓi, kuma idan ta sha iska sai ta jiƙe da kanta. Bekin soda gari ce mai laushi, idan ta shiga ruwa ba ta ɗaukar zafi. In tsautsayi ya sa ta sabulun ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20 sannan a nufi asibiti. In yaro ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, domin abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita. A garzaya da shi asibiti kawai.

Ɗaya rikicin mai sauƙi ne: bekin fauda. Ita bekin soda ce da aka riga aka gauraya da tsami busasshe da sitaci don ta tayar da kek. A wajen wanki asarar kuɗi ce. Gwajin ba wuya: ɗebi kaɗan ki zuba a ruwan ɗumi. In ya yi ta tsiyayar kumfa, fauda ce. In ya kwanta shiru, sai da kika matsa lemun tsami sannan ya taso, to soda ce.

Yanzu kicin, inda bekin soda take da gaskiya. Maiƙon da ke bangon bayan risho ko gas ba man jiya ba ne. Man gyaɗa da manja ne da suka yi ta fantsama wata da watanni, zafi ya dafa su, ƙura ta hau, suka zama danƙo mai launin ƙasa wanda idan kika ɗora yatsa sai ya kama. Ruwa kaɗai zamewa yake yi a kansa. Soda kaɗai ma wahala za ta ba ki. Abokin tafiyarta na gaskiya sabulu ne, ba khal ba. Ki sami ƙaramar roba, ki zuba soda cokali 3 na cin abinci, ruwan ɗumi cokali 1, sabulun ruwa na wanke-wanke kamar rabin ƙaramin cokali. Ki dama ya yi kaurin man goge baki, yadda idan kika shafa a bango ba zai zuro ba. Dalilin kaurin shi ne soda ba ta narkewa da yawa. Lita guda ta ruwa ba ta ɗaukar fiye da kimanin giram 100, kuma wadda ta narke ta daina gurza. Masu zuba cokali biyu a bokiti cike da ruwa su ce suna wanki da soda, ruwan banza suke wanki da shi.

Ki fara goge bangon da tsumma mai ruwan zafi don maiƙon ya saki. Sai ki shafa kwaɓin, ki ba shi minti 10 zuwa 15. A nan sai kin yi la'akari da garin da muke ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ko a tsakiyar hunturu da iska ke busar da wanki kafin a gama shanya, kwaɓin nan bushewa zai yi cikin 'yan mintuna, kuma busasshiyar soda ba ta aikin komai sai zuba a ƙasa. Ki yi aikin da sassafe, ki ɗauki tayil shida ko takwas a lokaci guda, in ya fara bushewa ki yayyafa masa ruwa. Sannan ki dirje da soso, gefen nan mai ɗan kaushi. Soson ƙarfe a bar wa tukunya. Yana barin zane baƙi-baƙi a fuskar tayil, kuma ɓurɓushinsa yana maƙalewa a layi ya yi tsatsa daga baya.

In kwaɓin ya taɓa wurin da miya mai kori ko kurkum ta zuba, za ki ga tabon ya koma ja kamar jini. In zoɓo ne, ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. Kada gabanki ya faɗi, halin waɗannan launukan ne idan suka gamu da dangin kanwa, ɗauraya za ta tafi da shi.

Ɗaurayar kuma ita ce rabin aikin, kuma ita ce mutane ke yi wa ha'inci saboda sun gaji. Ki kwashe kwaɓin da jiƙaƙƙen tsumma, ki wanke tsumman, ki sake bi, ki canza ruwa ki sake bi na uku. Sannan ki bi da busasshen tsumma, tsohon tawul ko tsohuwar singileti. Duk sodar da aka bari za ta fito fari idan ta bushe, musamman a baƙin tayil ko mai ruwan goro. Na san ruwa a wasu unguwannin sai an tsayar da mai kura an saya, amma ki yi lissafin jarka ɗaya ta ɗauraya tun kafin ki fara, in ba haka ba kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Layukan da suka yi baƙi su ne ainihin abin da ke tsufar da ɗaki. Sau da yawa tayil ɗin lafiyarsa ƙalau, layin ne ya mutu. Shi tayil, musamman irin mai ƙarfin nan da ake kira fosilin, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Amma abin da aka cike tsakaninsa da shi siminti ne, galibi farin siminti, kuma siminti kamar tulun ƙasa yake, yana tsotsa. Ga shi kuma ya ɗan faɗa ƙasa da fuskar tayil. Duk ranar da aka yi mofin, mofa tana kwaso ruwan datti daga saman tayil ta ajiye shi a wannan kwarin, ruwan ya bushe, dattin ya zauna. Shekara 3 ana haka kullum, ai dole ya yi baƙi. Wato mai goge ɗakin ce da kanta take rina layin, ba da saninta ba.

A nan soda ta fi kowane abu dacewa, domin siminti shi ma ɗan ɓangaren kanwa ne, ba sa faɗa da juna. Tsami kuwa cin siminti yake yi. Duk wanda ya ce ki riƙa bin layi da khal ko ruwan wanke masai, zai yi fari a ranar farko, gaskiya ne, amma farin nan fatar simintin ce aka ɗaye. A hankali layin zai rarake, ya yi rami, ya fi da kama datti, ruwa ya fara shiga ƙarƙashi, wata rana ki taka tayil ki ji yana ƙara kamar ganga. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ki yi kwaɓi irin na ɗazu, ki bi layin da yatsa ko da tsohon buroshin haƙori ki cusa shi ciki, ki bar shi kwata na awa, sannan ki dirje da buroshin a tsawon layin. Za ki ga kwaɓin yana komawa ruwan toka, alamar yana ci ke nan. Aiki ne na durƙuso, ba na gaggawa ba. Kicin guda yana iya cin safiya sukutum, don haka ki sami kujera 'yar tsugunno, ki raba shi kwana biyu in ya yi yawa. In layin fari ne asali kuma bayan wannan ya rage ɗan duhu, ki kwaɓa sodar da haidurojin, wannan ruwan da ake saya a kemis ana wanke ciwo da shi, maimakon ruwa. Yana sa fari ba tare da ya ci siminti ba. Ki kwaɓa daidai wanda za ki yi amfani da shi a take, kada a ajiye, ki sa safar hannu, kuma kada ki kai shi layi mai kala sai kin gwada a lungu, bayan firji misali, domin yana iya koɗar da launi.

Sai banɗaki. A nan, Hajiya, ki ajiye sodar gefe, ba fagenta ba ne. Wannan fari-farin da kika ce kamar alli, kusan allin ne da gaske. Ruwan burtsatse da na rijiya yakan taho da sinadaran ƙasa narkakku, irin su kalsiyam da magniziyam. Ruwa ya fantsama a bango ya bushe, su kuma su zauna. Leƙa cikin butar da kike dafa ruwan shayi, in kin ga farin ɓawo a gindinta, shi ne dai a bangon banɗakinki. Sai kuma sabulun wanka ya haɗu da waɗannan sinadaran ya zama wani dauɗa mai kama da kakin zuma. Shi wannan dauɗar sabulun, soda tana kankare shi. Amma farin ɓawon ɗan gidan kanwa ne, kuma kanwa ba ta kashe kanwa. Tsami yake so.

To ga inda khal ɗinki zai yi rana, shi kaɗai. Ki fara jiƙa bangon da ruwa sosai don layukan su sha su ƙoshi, yadda ba za su tsotsi tsamin ba. Ki gauraya farin khal da ruwa rabi da rabi, ko ki matse lemun tsami ki tace, ki shafa a fuskar tayil da soso, minti 5, ki dirje, ki kwarara ruwa. In ɓawon ya yi kauri, a maimaita sau biyu ko uku, ya fi a bar tsamin ya daɗe. Bayan an ɗauraye, in kina so, ki bi da ruwan da aka jefa wa soda cokali guda don ya kashe ragowar tsamin da ya maƙale a layi, ki sake ɗaurayewa. Kin ga duk su biyun sun yi aiki, amma ɗaya bayan ɗaya, ba a kwano guda ba. Kuma wannan aikin na lokaci-lokaci ne, ba na kowane mako ba. Abin da zai hana shi dawowa da wuri shi ne a riƙa share ruwan bango bayan wanka da abin jan ruwa na roba, a bar taga a buɗe.

Baƙaƙen ɗigo-ɗigon da ke fitowa a kusurwa da damina, musamman a watan Agusta da bango ba ya bushewa, fumfuna ce. Soda za ta kankare ta sama-sama, amma saiwarta tana cikin siminti. Maganinta bilic, irin su Hypo ko Jik, kofi 1 a ruwa kofi 10, minti 10, ƙofa da taga a buɗe. Sai dai ki ji wannan da kyau, ki kuma faɗa wa duk mai taya ki aiki: bilic ba ya haɗuwa da tsami kowane iri. Ba khal, ba lemun tsami, ba ruwan wanke masai irin su Harpic. Haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin, irin gubar da aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915, kuma banɗakunanmu ƙanana ne, wasu ko taga babu. Mata da yawa suna wannan haɗin da sunan ƙara ƙarfi, su fito suna tari idanu jawur, su ce ai maganin ne mai kyau. In za ki yi aikin tsami yau, ki bar bilic sai gobe. Haka kuma a kwarara ruwa a kan fitsari kafin a zuba bilic, domin tsohon fitsari ma yana tayar da iska mai cutarwa idan suka gamu.

Duk abin da na faɗa a kan tayil na yau da kullum ne, irin wanda ake saya a Ƙofar Ruwa da France Road. In akwai mabul a gidan, a matakala ko kan teburin kicin, ko daɓen tarazo irin na tsofaffin gidajen Nasarawa da Bompai, to hukunci ya canza. Mabul da wancan farin ɓawon na banɗaki asalinsu ɗaya, don haka tsamin da ke narkar da ɓawo yana narkar da mabul. Ɗigon lemun tsami ɗaya ya isa ya bar tabo marar sheƙi wanda ba ya gogewa sai an kawo injin gurza. Tarazo ma tsakuwar mabul ce a cikin siminti, duka biyun abincin tsami ne. Soda ba ta narkar da mabul, amma taurinsa 3 ne kacal, kusa da nata, don haka yawan dirza da ita yana kashe masa ƙyalli. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa sun ishe shi. Ki kuma kiyaye sandunan alminiyam da ake sawa a bakin tayil da ƙasan ƙofa, soda tana dusashe su in ta kwana a kai.

Akwai tabon da ko kin kwana kina dirza da soda ba zai motsa ba. Zoben tsatsa da gindin tukunyar gas ko ƙafar gadon ƙarfe ke bari, lemun tsami da gishiri yake so, kuma bilic ƙara kama shi yake yi. Ragowar simintin da masu sa tayil suka bari, wannan sai ruwan da aka yi musamman dominsa, a hannun wanda ya iya. Ina ƙin abin da wasu masu aikin ke yi na kwarara ɗanyen asid a sabon gida. Gidan yakan yi ƙal ranar miƙa mukulli, bayan wata shida layi ya zube, kan famfo ya yi baƙi. In kuma kin ga farin gishiri yana tsirowa daga layi kusa da ƙasan bango, kin share ya dawo, to danshi ne ke tasowa daga ƙasa ko bututu ke yoyo a ciki. Mai gyaran famfo za a kira.

Ƙasan falo da ɗakuna kuwa, ba na ba da shawarar soda a bokitin mofin na kullum. Fili ne babba, ba za ki iya ɗauraye shi yadda ya kamata ba, ƙarshenta sawun ƙafa ya riƙa fitowa fari. Yawancin tayil ɗin falo da ake kawo min ƙorafin ya daina sheƙi, ba datti ne ya kashe shi ba, Omo ne. Ana zuba hannu guda a bokiti, a goge, ba a bi da ruwa ba, gobe a ƙara wani a kai. Sabulun ya taru ya zama fata mai kama ƙura, ga santsi in ruwa ya zuba, wanda haɗari ne ga tsofaffi da masu zuwa alwala da asuba. Ki bi shi da ruwan ɗumi zalla sau biyu ko uku a jere ki ga yadda zai dawo. Daga nan bokiti biyu: ɗaya mai ɗigon sabulu, ɗaya na wanke mofa, a zubar da shi da zarar ya yi duhu. Da hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, shara ce gaba da komai. Wanda ya sa jiƙaƙƙiyar mofa a kan ƙura, taɓo ya kwaɓa, layi ne kuma zai sha shi. A sa abin goge ƙafa a bakin ƙofa saboda yashin da takalmi ke shigowa da shi, shi ne mai karce tayil a hankali har hanyar da aka fi bi ta yi daban da sauran ɗakin.

In gida ne mai yara, bari in ɗan shiga gonar malamai da neman afuwa. Soda tana rage wari, amma wanke datti daban, gusar da najasa daban. A karatun da muka taso da shi na Malikiyya, ruwa tsantsa wanda bai canza launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba shi ne mai tsarkakewa. In yaro ya yi fitsari a inda ake shimfiɗa sallaya, a gama da ruwa zalla bayan duk wani sabulu ko soda. Ga ƙarin bayani a tambayi malamin unguwa.

In kin yi wa layukan kicin zagaye biyu, na ruwa da na haidurojin, suka ƙi, to man ya riga ya ratsa simintin har ƙasa, ƙarin dirza ciwon baya kawai zai ba ki. Ki kira mai sa tayil ya kankare tsohon layin ya cike sabo. Aikin yini ɗaya ne a kicin madaidaici, ba sai an ɓalle tayil ko ɗaya ba. Ki ce masa na ƙasan kicin ya sa mai ruwan toka ko ruwan ƙasa maimakon fari, kuma a bar shi ya kama sosai, kwana 3 aƙalla, kafin mofa ta hau kansa.